Ranar da Kawu Sabo Ya Leƙa Cikin Gwiwarsa

Duk wanda ya zauna da Kawu Sabo a Guangzhou, ko na wuni ɗaya ne, ya san tocilarsa. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ba ta wuce tsawon yatsa ba, kullum tana aljihun gaban rigarsa inda mutanen kirki ke sa biro. Wayarsa tana da fitila kamar ta kowa, amma ya ce wannan ta masu neman makulli a ƙarƙashin gado ce. Idan aka miƙo masa abu, takalmi ne ko jaka ko kwalin shayi, ba ya cewa yana da kyau, ba ya cewa ba shi da kyau. Sai ya sa hannu a aljihu ya ce, "Bari in leƙa."

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarsa. Shi ya kawo ni China, kuma ko bayan na kama harkar kaina ta loda kaya zuwa gida, har furfura ta fara fito mini, ban samu 'yanci daga aikin yi masa tafinta ba. Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Sinancinsa kuwa kalma huɗu ne cif: gaisuwa, godiya, "meiyou" wato babu, sai "kan-kan" wato a duba. Ta ƙarshen nan ita ta zama sunansa. A kasuwar takalma ta Zhanxi Lu in ka ce Alhaji Sabo na Kano sai a yi ta kallon ka, amma in ka ce Laoban Kan-kan, wato Maigida A-duba, har masu turin kaya za su nuna maka inda ya bi.

Kun san yadda yake yi. Ba ya yarda da samfurin da ke kan kanta, ba ya yarda da hoton da ke cikin waya. Sai an kai shi sito. A siton ma ba ya taɓa kwalin da ke sama, ba ya taɓa na ƙasa. Zai tsaya yana kallon tulin kamar mai zaɓen rago, sannan ya nuna na can tsakiya, wanda sai an sauke goma sha biyu kafin a kai gare shi. In an buɗe, ya zaro ƙafa ɗaya, ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya haska har can wajen yatsu, ya shinshina gam. Sai ya gama duk wannan yake tambayar kuɗi.

Madam Chen, wata mai shagon takalman maza, ta yi shekara kusan ashirin tana sayar masa da kaya. Wata rana da zafi ya ishe ta, tana tsaye tana fifita da kwali, ta ce in gaya masa, "Laoban, tun 'yata tana goye kake saye a wurina, yanzu ta yi aure. Na taɓa cutar ka ko sau ɗaya?"

Na fassara masa. Bai ma ɗago kai daga cikin takalmin ba.

"Gaya mata ba ta taɓa ba," in ji shi. "Ai don ina leƙawa ne."

Na rage wa maganar kaifi kafin in mayar mata, amma matar nan ta riga ta karanta a fuskata. Ta yi dariya har ta dafa bango. Da muka koma bayan sati biyu, sai muka tarar ta sayo wata 'yar kujera ta ajiye a sito, ta ce tunda ba zai daina ba, ya riƙa yi a zaune. Kawu ya gode mata da kalmarsa ta biyu, sannan ya kifa kujerar ya haska ƙarƙashinta.

Abokin tsokanarsa shi ne Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi, mai tura tayil da kayan bayi zuwa Ghana. Kullum Juma'a in an sauko daga Masallacin Huaisheng, mu uku muke zuwa wani gidan abinci na Sinawa Musulmi a nan kusa, mu ci wannan burodin nasu da ake turarawa da nama a ciki. Kowa sai ya ɗauka ya gatsa. Kawu sai ya raba kowane ɗaya biyu ya haska.

Rannan Baba Issaka ya gaji. Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Gidan Musulmi ne. Mai gidan yanzu muka yi salla tare, ga rubutun halal a ƙofa."

"Rubutun a ƙofa yake."

"To ka leƙa. Me ka gani?"

"Nama."

"Shi ke nan?"

Kawu ya sake haskawa, ya ce, "Kaɗan."

Haka muke da shi, muna dariya yana leƙe, har ranar da gwiwarsa ta dama ta ba shi matsala. Yana saukowa ne daga bayan motar kaya, inda ya hau don ya tabbatar kwalayen da ya duba su aka loda, sai ƙafar ta murɗe. Ya ce ba komai. Ya shafa man zafi, ya manna wannan filastar Sinawa mai warin ganye, ya ci gaba da ɗingishi yana cewa sanyin na'urar ɗaki ne. Amma wata Juma'a, a raka'a ta biyu, ya yi sujada gwiwar ta sarƙe. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Kawu bai ɗago ba. Da aka sallame, ni da Baba Issaka muka kama shi ta hammata muka ɗaga shi a gaban jama'a, yana cije leɓe, zufa na zuba. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa kamar ta ranar ba.

Daga nan ya koma salla a kan kujera, a can ƙarshen sahu tare da tsofaffin Sinawa masu sanda. Abin ya ci shi ƙwarai. Mutum ne da baƙin tabon salla a goshi tun yana saurayi, kuma ni na san ba ya gaggawar ɗagowa daga sujada. Yanzu sai dai ya sunkuyar da kai a iska. Wani malami daga cikin 'yan kasuwarmu na Zinder ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa sallar mai lalura a zaune cikakkiya ce, ladansa bai ragu ba.

Kawu ya ce, "Malam, na sani. Ban ce ba ta karɓu ba. Ni ne ban ƙoshi ba."

Da ƙyar na ja shi wani asibiti a unguwar Tianhe. Aka sa shi a cikin na'urar ɗaukar hoto mai ƙara kamar injin niƙa, sannan muka shiga wurin likitan ƙashi, Dokta Liang, wani ɗan siririn mutum mai tabarau da Turanci mai daɗi. Ya kafa hoton a allo ya nuna mana da biro. Ya ce a tsakanin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi da ke zama kamar matashi, na Kawu ya yage, yagaggen ne ke shiga tsakani yana sarƙe gaɓar. Ya ce sai an yi aiki.

Kawu ya dubi allon, ya dubi likitan, ya dube ni.

"Wannan mene ne?"

"Hoton gwiwarka ne, Kawu."

"Hoto." Ya miƙe yana dafa tebur. "Shekara nawa kana tare da ni? Ka taɓa ganin na sayi silifa ɗaya a hoto? Shi ne za a yanka ni a hoto?"

Muka fito. A cikin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa na yi ta yi masa faɗa a hankali, irin faɗan da ɗa ke iya yi wa kawunsa, shi kuma yana kallon taga ko da yake babu abin gani sai bangon rami. Sai da muka kusa sauka ya gaya mini abin da ke ransa. Yayansu, marigayi Kawu Bala, ya taɓa faɗuwa a babur tun ina yaro, aka tsaga masa gwiwa daga sama har ƙasa, kuma ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba har ya koma ga Allah. Kawu Sabo shi ya yi jinyarsa. Ya ce, "Yanzu ko ba komai ina sa ran wata rana zan sauka daga kujerar nan. In suka farke ni ta sandare, shi ke nan, ni da ƙasa sai ranar da za a sa ni a ciki." A nan na gane taurin kan nasa tsoro ne.

Wata takwas ya yi a kan kujera. Wanda ya tashe shi daga kanta Baba Issaka ne, kuma da gangan ya yi. Wata Juma'a ya zo da wani lallausan matashi ja mai geza, an yi masa ado da zaren zinariya, ya ɗora a kujerar Kawu a gaban kowa, ya ce, "Tunda nan ne gidanka har abada, Alhaji, gara mu gyara maka shi. Sati mai zuwa zan kawo ɗan bargo na rufe ƙafa."

Ko burodin ranar Kawu bai raba ba, ya bar shi a faranti. Muna fita ya ce mini, "Kira likitan nan naka."

Da muka koma, Dokta Liang ya miƙo takardar da za a sa hannu. Kawu ba ya karanta boko sosai, amma yana da wata ƙa'ida: duk rubutun da ke jikin kwali sai an karanta masa an faɗa masa ma'anarsa, ko da "kada a jiƙa" ne. Ya bi takardar da yatsa har ya tsaya a kan wata doguwar kalma, arthroscopy.

"Wannan fa?"

"Sunan aikin ne. Atroskofi."

"Na ji sunan. Me yake nufi?"

Na ce masa tiyatar gwiwa ce kawai. Ya ce ƙarya ne, kalma mai tsawon nan ba za ta tsaya a "kawai" ba, in tambayi mai kayan. Na tambaya ina jin nauyi, don akwai mutane a layi. Abin mamaki, sai likitan ya ajiye biro, fuskarsa ta washe. Ya ce shekarunsa da yawa yana wannan aiki, ana tambayar sa ko da zafi, ana tambayar sa kwana nawa, amma ba a taɓa tambayar sa ma'anar sunan ba. Ya juya takardar ya rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, ya ja layi ya raba ta biyu.

Ya ce kalmomi biyu ne na tsohon harshen Girkawa aka haɗa. Ta farko, "artron", ita ce gaɓa, duk inda ƙashi biyu suka haɗu, gwiwa ko kafaɗa ko idon sawu. Ta biyu, "skopein", ita ce dubawa, a kalli abu da kyau. In an haɗa, ma'anar ita ce duba cikin gaɓa. Ya ce su ma a Sinanci sunan da suke kiran na'urar yana nufin madubin gaɓa.

Na juya na ce, "Kawu, ya ce ma'anarsa leƙen gaɓa."

Kawu ya gyara zama. "Leƙe?"

"Leƙe."

"Babu yanka a cikin sunan?"

Na tambaya. Likitan ya ce babu. Ya ce da can ma, lokacin da likitoci suka fara, leƙen kawai suke yi don su ga abin da ke ciki, daga baya ne suka koyi gyarawa ta nan. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani siririn ƙarfe kamar fensir, ya ce irin wannan ne, da kyamara da fitila a bakinsa. Za a huda ƙofa biyu ƙanana da ba su fi maɓallin riga ba, ta ɗaya a sa wannan a gani a allo, ta ɗayar a sa ɗan almakashi a gyare yagaggen. Kuma ba zai taɓa komai ba sai ya zagaya ya ga ko'ina da idonsa.

Da Kawu ya ji "fitila a bakinsa", sai na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba ya dafa. Ya karɓi ƙarfen yana juya shi da ladabi.

"To kayan Girka ne?"

Likitan ya ce a'a, Girkawan dā ba su taɓa yin wannan aiki ba. Likitocin Turai ne ke da al'adar aro kalmominsu in za su raɗa wa sabon abu suna. Aikin kansa likitocin Japan sun taka rawa sosai wajen gyara shi, na'urar da ke asibitinsu kuma wata ƙasar ce daban ta ƙera.

Kawu ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa labarin gidansu. "Na gane. Suna na wani gari, aiki na wani gari. Kamar takalman Madam Chen masu sunan Italiya." Sannan ya nuna likitan da ƙarfen. "Nasiru, me ya sa tun farko ba ka gaya mini mutumin nan ɗan kasuwa ba ne? Wata takwas ka bar ni a kujera."

Ni ne ma na yi laifi, kun ji. Na haɗiye.

Ya sa hannu, amma da sharaɗi ɗaya: ba za a sa shi barci ba, shi ma sai ya gani. Likitan ya ce wannan mai sauƙi ne, allura za a yi masa a baya ta kashe daga ƙugu zuwa ƙasa, a juyo masa da allo. Ranar aikin, rigima ɗaya aka yi, ita ce ta tocila. Ya ɓoye ta a cikin hular takardar da suka sa masa, wata nas ta gano ta ƙwace ta miƙo mini. Ni ba a bar ni na shiga ba. Na zauna a baranda ina murza tocilar nan a hannu, ina tunanin ƙafar Kawu Bala.

Ba a yi awa ɗaya ba Dokta Liang ya fito yana goge tabarau, kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Ya ce aiki ya yi kyau. Ya ce amma bai taɓa yin aiki da mai duba aiki a kwance ba. Duk inda ya juya kyamara sai kawuna ya ɗaga yatsa ya nuna wata kusurwa ya ce "kan-kan". Da ya gama gyara yagaggen ya ce an gama, sai kawuna ya ce "meiyou", ya sa shi ya sake zagayawa ta tsakiya. Ya ce daga nan kuma sai kawuna ya ƙura wa allon ido har aka fito da shi.

Na same shi a ɗaki a kwance, ƙafa a naɗe, yana kallon rufi. Na zaci zai fara ba ni labarin yadda ya koya wa likita aiki. Sai ya ci gaba da kallon rufin.

Can ya ce, "Nasiru, na ga ciki."

"Yaya yake, Kawu?"

"Fari tas, kamar cikin kwakwa. Sumul." Ya dafa gwiwar. "Na leƙa takalmi ya fi a ƙirga. Duk mai kyansa, in ka haska can ciki sai ka ga inda aka sa gam, ka ga bakin zare. Wannan na duba ko'ina, ban ga gam ba, ban ga ɗinki ba. Shekara sittin ina taka kayan nan, ina hawa mota da su, ban taɓa cewa na gode ba. Kuma ɗan abin da ya lalace bai kai farce ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Don kada in gani, sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi tocilarsa, ya haska bandejin.

Kada ku ɗauka ya canza hali. Bayan sati biyu na je kasuwar kayan lantarki a Tianhe na sayo masa irin 'yar kyamarar nan mai dogon wuya da ake haɗawa da waya, don ya riƙa leƙa takalma masu tsinin baki. Ya yi murna sosai. Washegari na tarar ya kwance ta da sukudireba don ya ga abin da ke ciki, kuma ba ta sake aiki ba. Amma motsa ƙafar da aka ce ya riƙa yi, bai taɓa tsallake ko na rana ɗaya ba. Likita ya ce kada ya durƙusa sai ya ba shi izini, kuma a karon farko a rayuwarsa ya bi maganar wani ba tare da gardama ba. Ya ce mutumin da ke leƙawa kafin ya taɓa, ana jin maganarsa.

Juma'ar da aka ba shi izini, ya shigo masallaci da jan matashin nan a hammata, ya miƙa wa Baba Issaka ya ce, "Riƙe, za ka buƙace shi kafin ni." Ya wuce kujerun ya shiga sahu a tsakaninmu. Aka yi salla lafiya, ya sauka ya tashi tare da kowa, ni kuwa rabin hankalina na kan gwiwarsa, Allah ya yafe mini. Bayan an sallame ya tashi yin nafila. Ya yi sujada, muka jira, bai ɗago ba. Muka ƙara jira. Baba Issaka ya dube ni, fuskarsa ta canza, ya matso ya sa hannu a hammatarsa zai ɗaga. Kawu ya ture hannun da gwiwar hannu, ya ci gaba da abinsa.

Da ya idar, Baba Issaka ya ce, "Alhaji, ka tsorata mu. Na ce ko gwiwar ta sake sarƙewa ne."

Kawu ya shafa goshinsa. Ya ce, "Shi da ƙasa kusan shekara ba su haɗu ba, Issaka. Ka bari su gaisa mana."

Ya ƙara shekara shida yana sujada a kan gwiwar nan. Bara ya koma Kano ya ce ya gaji da jirgi, kuma watan jiya Allah ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeruwar jinya da ba ta shafi ƙafa ba. Ina gida lokacin, ni na shiga cikin masu sa shi a kabari. Da yamma Baba Issaka ya kira ni daga Guangzhou. Ya yi gaisuwa, ya ce Madam Chen ta rufe shago wuni guda, ta ce kujerar sito ba mai sake zama a kanta.

Ya ce, "Nasiru, ka leƙa kafin a sa shi?"

Na ce, "Na leƙa, Baba. Da tocilarsa."

Ya ce, "To madalla. Da bai yarda ya shiga ba."

Muka yi dariya.

Ya Allah, bawanka Sabo bai taɓa yarda da duhun kwali ba, Ka haskaka masa kabarinsa. Ya yi rayuwarsa yana duba cikin kayan mutane, Kai kuwa Ka san nasa cikin tun kafin ya san kansa. Abin da Ka tarar ya yage, Ka gyara masa da rahamarka. Goshin nan da ya yi kewar ƙasa saboda Kai, kada Ka bari wuta ta taɓa shi. Amin.